Taƙaddamar ma'aikatan jiragen sama: Yadda yajin aikin Legas da Abuja ke datse hanyar Maiduguri

Duk lokacin da ƙungiyoyin ma'aikatan sufurin jiragen sama suka ba da wa'adin tsunduma yajin aiki, hankalin kafafen yaɗa labarai kan karkata ne zuwa filin jirgin Murtala Muhammed da ke Legas da na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, inda ake ɗauko hotunan fasinjoji zaune a kan jakunkunansu. Ba kasafai ake waiwayar garuruwan da ke ƙarshen layi ba, alhali su ne suka fi jin jiki. Mutumin Kaduna ko na Lokoja idan aka soke tashin jirgi, mota zai nema ya kama hanya. Ɗan kasuwar Bulabulin da ke tsakiyar Maiduguri, ko ma'aikacin tarayya da aka tura aiki jihar Borno, tafiyar da jirgi ke yi cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi ce za ta koma masa ta sama da kilomita 800 a mota, wuni guda cur, wani lokaci har da kwanan hanya.

Shi ya sa batun albashin matuƙin jirgi, da sharuɗɗan aikin injiniya, da alawus ɗin mai hasashen yanayi, ya shafi mutumin Borno kai tsaye, ko da bai taɓa jin sunan ƙungiyoyinsu ba. Ya kuma shafi ma'aikatan gwamnatin tarayya ta wata fuskar, domin da yawa daga cikin takardun da ke haddasa waɗannan rigingimu a kan teburansu suke kwana.

Garin da jirgi ya zame wa dole

Mutanen Maiduguri sun san yadda rayuwa take idan babu jirgi. Bayan harin da Boko Haram ta kai sansanin sojin sama da ke daura da filin jirgin garin a ranar 2 ga Disamba, 2013, jigilar fasinjoji ta tsaya, ba ta dawo sosai ba sai a tsakiyar 2015. Jirgin ƙasan da ya isa garin tun 1964 ya daɗe da daina zuwa. Abin da ya rage shi ne titin Damaturu, wanda ya zama babbar ƙofar shiga da fita, kuma ana rufe shi idan yamma ta yi. A daren 9 ga Fabrairu, 2020, matafiyan da suka tarar an rufe hanya suka yada zango a Auno, mahara suka afka masu, aka kashe mutane aƙalla 30, aka ƙone motoci. Tsaro ya inganta idan aka kwatanta da waccan shekarar, sai dai har yanzu wanda ya samu halin hawa jirgi ba ya zaɓar mota.

Ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, wadda ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwan Alau, ta ƙara fito da wannan a fili. Ruwa ya mamaye Bulabulin da Gwange da Shehuri da sauran tsoffin unguwanni, ya shiga Kasuwar Monday, ya taɓa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. A makonnin da suka biyo baya, ta filin jirgin garin, wanda aka sauya wa suna zuwa na Muhammadu Buhari a 2023, jami'an agaji da tawagogin gwamnati suka riƙa shigowa. Da yajin aiki ya faɗo a irin waɗannan ranaku, da asarar ta wuce ta kuɗin tikiti.

Su wane ne ke tsayar da jirgi?

Fasinja kan ɗauka cewa kamfanin da ya sayar masa da tikiti shi kaɗai ke da alhakin tafiyarsa. A zahiri, kafin jirgi ɗaya ya ɗaga daga Abuja zuwa Maiduguri, sai hannaye da yawa sun taɓa shi. Akwai matuƙa da injiniyoyi, waɗanda ƙungiyar NAAPE ke wakilta. Akwai ma'aikatan filin jirgi na hukumar FAAN, da masu kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniya na hukumar NAMA, da masu sa ido kan ƙa'idoji na hukumar NCAA, da masu hasashen yanayi na NiMet. Akwai kuma kamfanonin da ke lodi da sauke kaya da kawo matakala, irin su NAHCO da SAHCO. Ƙungiyoyin NUATE da ATSSSAN da ANAP da AUPCTRE ne suka raba waɗannan ma'aikata a tsakaninsu.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya janye hannu, tafiya ta tsaya. An ga haka a safiyar Litinin 23 ga Janairu, 2023, lokacin da ma'aikatan NAHCO suka ajiye aiki saboda batun ƙarin albashi. Babu matuƙin da ya shiga yajin, amma jirage suka kasa tashi a Legas saboda babu mai lodin kaya. Kafin rana ta faɗi an koma teburin sulhu, an janye yajin. An sake ganin haka a watan Afrilun 2025, da ma'aikatan NiMet suka rufe ofisoshinsu. Kamfanin Air Peace ya sanar da dakatar da dukkan jiragensa, bisa hujjar cewa ba zai tashi ba tare da rahoton yanayi ba a lokacin da damina ke kankama. Sai da Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, ya zauna da shugabannin ƙungiyoyin sannan suka dakatar da yajin.

Darasin Arik da Air Peace

A ɓangaren kamfanoni masu zaman kansu, babu wanda tarihinsa ya fi na Arik Air bayyana yadda taƙaddama ke tsiro. A watan Disamban 2016, ana tsakiyar hada-hadar tafiye-tafiyen ƙarshen shekara, ƙungiyoyin ma'aikata suka rufe harkokin kamfanin saboda albashin watanni da ba a biya ba. A lokacin Arik ne kamfani mafi girma a ƙasar. Cikin Fabrairun 2017, hukumar AMCON ta karɓe ragamarsa saboda bashin da ya kai ɗaruruwan biliyoyin naira. Sauyin shugabanci bai kashe wutar ba. A Satumban 2020 an sake tsayar da jiragensa, aka kuma maimaita a Disamba, kan albashi da sharuɗɗan aiki da makomar ma'aikatan da aka tura hutun dole saboda annobar korona. A wannan watan ne kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata 300.

A Agustan 2020 Air Peace ya sallami matuƙa kimanin 70, bayan an kasa daidaitawa kan rage albashi. Kamfanin ya ce annobar ta karya masa tattalin arziki, kuma rage ma'aikata ne kaɗai hanyar tsira. NAAPE ta ce an yi hakan ne ba tare da bin matakan da dokar ƙwadago ta shimfiɗa ba, ta yi barazanar janye mambobinta daga dukkan kamfanoni. Ministan lokacin, Hadi Sirika, ya shiga tsakani, kamfanin ya amince ya mayar da wasu daga cikinsu. A wannan makon ne ma matuƙa da injiniyoyin Bristow, mai jiragen da ke yi wa kamfanonin mai jigila, suka shiga nasu yajin.

Ma'aikatan wannan fanni ba sa mantawa da abin da ya faru da waɗanda suka gabace su. Kamfanin Nigeria Airways ya daina aiki a 2003, amma sai a 2018 gwamnatin Muhammadu Buhari ta saki naira biliyan 22.68 a matsayin rabin kuɗin sallamar tsoffin ma'aikatansa, bayan da yawa sun rasu suna jira. Air Nigeria ya fuskanci yajin matuƙa da injiniyoyi a tsakiyar 2012, kafin shekarar ta ƙare ya rufe. Okada da Chanchangi da Bellview da IRS duk sun zama tarihi. Wanda ya ga haka, idan aka ce masa ya yi haƙuri har kamfani ya farfaɗo, abin da yake ji shi ne ana roƙonsa ya ba da rancen da ba lalle a biya shi ba.

Hujjar masu kamfanoni

Su ma masu kamfanonin suna da nasu kukan, kuma ba na banza ba ne. Tikiti da naira ake saye, amma hayar jirgi da kayan gyara da inshora da horon matuƙa a ƙasashen waje duk da dala ake biya. A farkon 2022 litar man jirgi ba ta kai naira 200 ba, zuwa watan Mayu ta kai 700. Hakan ya sa ƙungiyar masu kamfanonin jirage ta AON ta sanar cewa za ta dakatar da aiki daga 9 ga Mayu, kafin ta janye a ƙurarren lokaci. Wato su ma masu kamfanonin sun taɓa ɗaukar makamin da suke zargin ma'aikata da amfani da shi. Bayan an saki naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa cikin Yunin 2023, kuɗin komai ya sake ninkawa.

A nan ne ɗaurin yake. Matuƙin da ya ƙware yana da kasuwa a Dubai da Doha da Addis Ababa, inda za a biya shi da kuɗin da ba ya narkewa a hannu. Idan kamfani bai ƙara masa ba, zai tafi. Idan ya ƙara masa, injiniya da ma'aikaciyar cikin jirgi da mai sayar da tikiti za su ce su ma kasuwa ɗaya suke zuwa cefane. Idan aka ƙara wa kowa, kuɗin tikiti ya hau, fasinja ya ragu, kuma layukan da ba su da cunkoso ne ake fara rage wa jirage. Maiduguri da Yola da Sakkwato na cikin wannan rukuni. Kamfanoni ƙalilan ne ke zuwa Maiduguri, daga cikinsu akwai Max Air, wanda ya dakatar da jigilar cikin gida a farkon 2025 bayan matsalar da jirginsa ya samu wajen sauka a Kano. Wannan ba yajin aiki ba ne, amma ya nuna wa matafiyan Borno irin giɓin da ake samu idan kamfani ɗaya tak ya ajiye jiragensa.

Abin da doka ta ce

Dokar sasanta rikicin ƙwadago ta Najeriya ta jera matakai kafin a kai ga yajin aiki. Da farko ɓangarorin biyu za su gwada hanyar sulhun da suka amince da ita a tsakaninsu. Idan ta ci tura, sai su nemi mai shiga tsakani. Idan shi ma ya gaza, a kai rahoto ga Ministan Ƙwadago, wanda zai iya naɗa mai sasantawa ko ya miƙa batun ga kwamitin sulhu na IAP, daga nan kuma sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Sashe na 43 na dokar ne ya tanadi ƙa'idar ba aiki ba albashi, wadda gwamnati ke yawan ambata. Tun 1976 kuma akwai wata dokar da ta sanya harkar filayen jirage cikin muhimman ayyukan da aka taƙaita yajin aiki a cikinsu.

Sabbin dokokin sufurin jiragen sama da aka sanya wa hannu a 2022 sun ƙara ƙarfafa wannan matsayi, lamarin da ya sa ƙungiyoyin suka yi zanga-zanga a filayen jirage. Bayan yajin NAHCO, Hadi Sirika ya fito ya ce doka ta haramta yajin aiki a fannin, kuma gwamnati ba za ta sake lamunta ba. Ba a yi wata uku ba, a ranakun 17 da 18 ga Afrilu, 2023, ƙungiyoyin suka yi yajin gargaɗi na kwana biyu, suka toshe hanyoyin shiga filin jirgin Legas, fasinjoji suka riƙa takawa da kaya a ka.

Ƙungiyoyin na kafa hujja da yarjejeniyoyi na 87 da 98 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, waɗanda Najeriya ta amince da su tun 1960. A fahimtar kwamitocin wannan ƙungiya, aikin masu kula da zirga-zirgar jirage a sama yana cikin waɗanda za a iya hana wa yajin aiki, saboda rayuka na hannunsu. Aikin matuƙan kamfanoni da sufuri gaba ɗaya bai shiga wannan sahu ba, sai dai ana iya shardanta a bar wani ɓangare na aiki yana gudana. Sun kuma ce duk inda aka hana ma'aikaci yajin aiki, wajibi ne a ba shi madadin: sulhu mai sauri, marar son kai, wanda hukuncinsa ya hau kan kowa. Wannan madadin ne ma'aikatan Najeriya ke cewa ba su gani a ƙasa ba.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Agustan 1981, Shugaba Ronald Reagan na Amurka ya kori masu kula da zirga-zirgar jirage sama da 11,000 da suka ƙi komawa aiki. Ya karya ƙungiyarsu, amma sai da aka shafe shekaru kafin a cike gurabensu. A Nuwamban 2022 matuƙan Kenya Airways sun yi yajin kwana huɗu, har sai da kotu ta umarce su da komawa. A Kanada kuwa, ma'aikatan cikin jirgi kimanin 10,000 na Air Canada sun ajiye aiki a ranar 16 ga Agusta, 2025, kan albashi da kuma lokutan da suke aiki a ƙasa kafin jirgi ya tashi ba tare da an biya su ba. Gwamnati ta ba da umarnin komawa aiki, ƙungiyarsu ta yi kunnen uwar shegu da shi, sai a ranar 19 ga watan aka cimma matsaya a kan tebur.

Abin lura a misalan nan uku shi ne, umarnin gwamnati ko na kotu na iya mayar da jirgi sama, amma ba ya biyan bashin da ya jawo rigimar. Inda ba a zauna an warware ba, rigimar kan dawo.

Takardar da ta kwana a ofis

Idan aka dubi buƙatun yajin Afrilun 2023, za a ga yawancinsu ba sabbin buƙatu ba ne. Ƙungiyoyin sun nemi a saki sharuɗɗan aikin NAMA da NCAA da NiMet da Kwalejin Horar da Matuƙa Jirage ta Zariya, waɗanda aka riga aka tattauna aka kammala, suka maƙale shekaru a tsakanin Hukumar Tsara Albashi ta Ƙasa da Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya. Sun nemi a biya ma'aikatan NiMet daidaiton mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sanya wa hannu tun 2019. Sun kuma nemi a fasa rusa ofisoshin hukumomin da ke Legas. Shekaru biyu bayan haka, an riga an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, amma ma'aikatan NiMet suka sake fita, kuma ragowar ariyas ɗin 2019 na cikin abin da suka lissafa.

Ruwa ba ya tsami banza. Tsarin ya zama sananne: a ba da wa'adin mako ɗaya ko biyu, a yi shiru har ana saura kwana ɗaya, a kira taron gaggawa, a rattaba hannu kan takardar fahimtar juna, a kafa kwamiti, a janye yajin. Bayan wata shida ko shekara, sai a tarar takardar na nan inda aka bar ta. Kowane zagaye yana rage darajar sa hannun gwamnati, yana kuma koya wa ma'aikata cewa ba a sauraron su sai sun rufe ƙofa.

Ga daraktoci da mataimaka na musamman da ke karanta wannan, aikin da ke hana yajin aiki ba a ranar da wa'adi ya cika ake yin sa ba. Ana yin sa ne a ranar da fayil ya iso, aka rubuta masa ranar da zai fita. Ana yin sa ne idan an tabbatar duk yarjejeniyar da minista zai sa wa hannu tana ɗauke da adadin kuɗi, da inda za a samo su a kasafi, da sunan ofishin da zai aiwatar, da ranar da za a dawo a duba. Alƙawari kaya ne, kuma wanda aka ɗauka a gaban 'yan jarida ba tare da sanin Ma'aikatar Kuɗi ba, yajin aiki ne aka ɗaga zuwa wata rana.

Su ma ƙungiyoyin akwai gyara a nasu ɓangaren. Toshe hanyar shiga filin jirgi yana hukunta marar lafiya da ɗalibi da mai zuwa jana'iza, waɗanda ba su riƙe wa kowa albashi ba. Haka kuma ana shigar da filayen jirage cikin rigimar da ba tasu ba, kamar yadda aka gani a Nuwamban 2023 bayan dukan da aka yi wa shugaban NLC, Joe Ajaero, a Owerri, da kuma ranar 3 ga Yuni, 2024, lokacin yajin gama-gari kan mafi ƙarancin albashi. Babu abin da zai hana ƙungiyoyi da gwamnati su amince tun yanzu, lokacin da babu rigima, cewa ko ana yajin aiki za a bar jiragen agaji, da na ɗaukar marasa lafiya, da aƙalla jirgin fasinja ɗaya a rana zuwa garuruwan da hanyarsu ta mota ke da haɗari.

Kafin a kai ga haka, matafiyi sai ya kula da kansa. Idan an ba da wa'adi, gara a matso da tafiya kafin ranar ko a ɗaga ta. Ƙa'idojin NCAA sun ba fasinja damar karɓar kuɗinsa ko sauya ranar tafiya idan an soke jirgi, don haka a adana tikiti da saƙon sokewar, a kai ƙorafi teburin kare haƙƙin fasinja na hukumar da ke filin jirgi idan kamfani ya yi jinkiri. Wanda kuma tafiyar mota ta kama shi dole, ya lissafa lokacinsa yadda zai wuce Damaturu da sauran rana.

Ma'aikacin da ke neman haƙƙinsa da mai kamfanin da ke lissafin dala duk suna da bakin magana a teburin sulhu, suna da lauyoyi da masu magana da yawunsu. Mai shago a Bulabulin da ke jiran kayansa daga Legas, da uwar da aka rubuta wa ɗanta takardar zuwa Asibitin Ƙasa na Abuja, ba su da kujera a wurin. Waɗanda ke rubuta wa ministoci takardun shawara su ne za su iya tunawa da su kafin wa'adi na gaba ya cika.